Batsari da Safana: Wa ke lissafa kuɗin sake gina abin da ya rushe?

A ranar Juma'a 14 ga Fabrairun 2020, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Tsauwa da Dankar da ke Ƙaramar Hukumar Batsari a Jihar Katsina. Rundunar 'yan sandan jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 30. Maharan sun kuma cinna wa gidaje da kayan abinci wuta, dabbobi da dama suka ƙone.

Bayan kowane hari irin wannan, adadin waɗanda suka rasu da waɗanda aka sace shi ake fara ji a labarai. Akwai kuma wani lissafin da ke zuwa daga baya, wanda ba kasafai yake shiga kanun labarai ba: buhun siminti nawa, bandir ɗin kwano nawa, katako nawa za a nema kafin gida ya koma gida, aji ya koma aji, asibitin ƙauye ya sake karɓar masu haihuwa?

Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu ne, ta yammacin jihar, kan iyaka da Zamfara. A ƙidayar 2006 Batsari na da mutum sama da 200,000, Safana kuma sama da 180,000. Shekarun da aka kwashe ana fama da hare-hare sun bar gidaje babu rufi, makarantu babu ƙofofi, ga ayyukan da aka fara aka gudu aka bari. A 2025 an ƙulla yarjejeniyoyin sulhu tsakanin al'umma da 'yan bindiga a wasu ƙananan hukumomin jihar, ciki har da waɗannan biyu, abin da ya ba wasu damar komawa garuruwansu da gonakinsu.

Duk inda aka fara maganar sake gini, maganar kuɗi ce ke biyo baya. Akwai kuma ma'aikacin da sana'arsa ke nan kacokan: mai ƙiyasin kuɗin gini.

Wane ne mai ƙiyasi?

A wajen gini kowa ya san magini da kafinta da lebura. Da yawa sun san injiniya da mai zanen gini. Mai ƙiyasi kuwa, wanda 'yan kwangila da ma'aikatan gwamnati ke kira QS, ba a cika ganin sa da cokalin gini a hannu ba. Kayan aikinsa su ne zanen ginin da tef ɗin awo da kwamfuta, sai kuma sanin farashin kasuwa.

Mai zane shi ke faɗin yadda gini zai kasance. Injiniya shi ke tabbatar da cewa zai tsaya da ƙafafunsa. Mai ƙiyasi shi ke faɗin abin da zai ci, sannan ya bi aikin daga haƙa harsashi har miƙa makulli, don kada kuɗin su ƙare kafin ginin ya ƙare.

Sana'ar a tsarinta na boko daga Ingila ta zo, inda aka kafa babbar cibiyar masu awo ta RICS a birnin Landan a 1868. A Najeriya, an kafa Cibiyar Masu Ƙiyasin Kuɗin Gini ta Ƙasa, NIQS, a 1969. A 1986 gwamnatin soja ta kafa hukumar yi musu rajista, QSRBN, ƙarƙashin doka mai lamba 31. Wanda hukumar ba ta yi wa rajista ba, doka ba ta san shi a matsayin ƙwararren mai ƙiyasi ba, ko da ya yi shekaru yana fitar da lissafi. Ana karanta fannin a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Kwalejin Hassan Usman da ke Katsina.

Ƙiyasi kansa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin ginin tubali, tsohon magini kan taka fili da ƙafa ya faɗa wa mai gida yawan tubalin da za a yi da azarar da za a saro da kwanakin da aikin zai ɗauka. Sarautar Sarkin Magina ta daɗe a biranen Hausa, kuma gine-gine irin su masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ba su tashi ba sai da tsarin ma'aikata da na kaya. Bambancin shi ne a wancan lokaci ƙasa da ruwa da giginya duk suna kusa. A yau kusan duk abin da ke shiga ginin zamani saye ake yi daga nesa, da farashin da kan canza kafin mota ta iso.

Yadda ake fitar da lissafin

Aikin yana farawa ne da awo. Mai ƙiyasi yana ɗaukar zane ya rarraba ginin gaɓa-gaɓa: haƙa harsashi, zuba kankare, ɗora bulo, linta, rufi, ƙofofi da tagogi, filasta, daɓe, silin, wayarin, fenti. Kowace gaɓa yana auna ta, ya rubuta adadinta.

A ɗauki ɗaki ɗaya mai ƙafa 12 kowane ɓangare, irin wanda ake yawan ginawa. Idan aka haɗa tsawon bangwayensa huɗu za a samu kusan mita 15. Idan tsayin bangon mita 3 ne, faɗin bangon gaba ɗaya ya kama murabba'in mita 45. A cire gurbin ƙofa ɗaya da taga ɗaya, kusan murabba'in mita 3, saura 42. Bulon da aka saba da shi, mai tsawon inci 18 da tsayin inci 9, guda 10 ne ke cika murabba'in mita ɗaya. Ke nan bulo 420. A ƙara kashi 5 cikin 100 saboda waɗanda za su fashe a hanya ko wajen yanka, ya zama kusan 440, ban da na cikin harsashi.

Haka zai yi wa yashi da tsakuwa da rodi da katako da ƙusa. Rodi yana zuwa ne da tsawon mita 12, don haka sai an lissafa yadda za a yanka shi ba tare da an yi asarar guntaye da yawa ba. Kwanon rufi ana sayar da shi bandir-bandir, kowane bandir falle 20, kuma sai an yi la'akari da inda falle ke hawa kan ɗan'uwansa.

Bayan adadi sai farashi. Kowace gaɓa ana gina farashinta daga kuɗin kaya da na dako da ladan ma'aikata da hayar inji, sannan a ɗora ribar ɗan kwangila da haraji. Harajin VAT kaɗai kashi 7.5 cikin 100 ne tun Fabrairun 2020. Akan kuma ware wani kaso, galibi 5 zuwa 10 cikin 100, domin abin da ba a hango ba, kamar a haƙa harsashi a tarar da dutse.

Sakamakon shi ne takardar da ake kira BOQ, wadda ke jera kowane aiki da adadinsa da farashinsa. Da ita gwamnati ke sanin abin da za ta sa a kasafi. Da ita ake kwatanta tayin 'yan kwangila, tunda kowa kan adadi ɗaya ya sa farashi. Da ita kuma ake biyan kuɗi: kafin a saki wani kaso, mai ƙiyasi yana zuwa wurin ya auna abin da aka yi a ƙasa, ya rubuta ƙimarsa. A ƙarshe akan riƙe wani kaso, yawanci 5 cikin 100, na tsawon wasu watanni, har a ga ko bango zai tsage ko rufi zai yi yoyo.

Farashin da ba ya zama wuri ɗaya

Babban abin da ya wahalar da wannan aiki a 'yan shekarun nan shi ne tashin farashi. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. A watan Yuni aka saki darajar naira ga kasuwa. Dalar da ake canzarwa kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Zuwa Disambar 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100.

Siminti ya nuna abin ƙarara. Buhu mai kilo 50, wanda ake samu kusan naira 5,000 a tsakiyar 2023, ya wuce 10,000 a wurare da dama a Fabrairun 2024. A cikin watan ne Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge a Abuja, aka sanar da cewa buhu zai koma tsakanin naira 7,000 da 8,000, gwargwadon nisan wuri.

Wannan sharaɗi na nisa yana da nauyi ga mutumin Batsari ko Safana. Babu masana'antar siminti a Jihar Katsina. Wanda ake amfani da shi yana fitowa ne daga wurare irin su Kalambaina a Sakkwato da Obajana a Kogi da Ashaka a Gombe. Rodi da kwano da fenti da kayan wuta kuma galibi ta Kano suke biyowa, su sauka Katsina ko Dutsin-Ma, kafin ƙananan motoci su kwasa zuwa ciki. Duk saukewa da lodi yana ƙara wani abu a kan buhu.

A misali, aikin da aka ƙiyasta zai ci buhu 600 a kan naira 5,000, simintinsa miliyan 3 ne. Idan aka yi jinkirin sakin kuɗi har buhu ya koma 10,000, simintin kaɗai ya zama miliyan 6. Yawancin ƙananan kwangiloli kan tsayayyen farashi ake bayar da su, don haka ɗan kwangila na da zaɓi uku: ya cika daga aljihunsa, ya rage ingancin aiki, ko ya kwashe kayansa. Ba a cika samun mai zaɓar na farko ba.

A nan ƙwararren mai ƙiyasi ke da abin cewa tun kafin a sa hannu. Shi zai ba da shawarar a rubuta sharaɗin da ya fayyace yadda za a daidaita kuɗi idan farashi ya motsa, ko a sayi kayan da suka fi saurin tashi da kuɗin somin-taɓi. Dokar bayar da kwangila ta tarayya ta 2007 ta ƙayyade kuɗin fara aiki a kan kashi 15 cikin 100, kafin dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa 30 ga 'yan kwangilar cikin gida. Yadda aka kashe wannan kaso na farko shi ke yawan nuna ko aiki zai kai ga rufi.

Kuɗin hanya da kuɗin fargaba

A Abuja ko Kano, mai ƙiyasi na iya ɗauko farashin bara ya ƙara kaso ya samu abin da ya yi kusa da gaskiya. A ƙauyukan da ke bakin Rugu, akwai abubuwan da babu su a littafin farashi.

Direban tifa da zai kai yashi cikin garin Batsari ba kuɗi ɗaya zai karɓa ba idan aka ce ya wuce Ruma ko Wagini, balle ƙauyukan da ke gaba da su. Haka wanda zai tashi daga Dutsin-Ma zuwa Safana, idan aka ce ya ƙarasa Runka ko Zakka. A lokutan da hanya ta yi zafi, wani ko nawa aka ba shi ba zai je ba.

Sai lokacin aiki. Inda ma'aikata ba za su kwana a wurin ba, sai rana ta ɗaga suke isa, kuma tun kafin la'asar sun fara haramar komawa. Aikin kwana 10 sai ya koma na 15, alhali lada a kullum ake biya. Ƙwararrun kafintoci da masu walda da ake ɗaukowa daga birni suna ƙara kuɗi. Ba a iya jibge kaya da yawa a wuri, don haka sai a riƙa kawowa kaɗan-kaɗan, kowace tafiya da kuɗin motarta. Ga ladan masu gadi, ga ruwa, wanda a rani sai an saya daga 'yan ga-ruwa ko a yi hayar tanka, tunda kankare da bulo sai an yi ta ba su ruwa kwanaki kafin su yi ƙarfi.

Matakan tsaro ma suna shiga lissafi. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta fitar da dokar da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Baure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita sayar da mai a ƙananan hukumomin da ke fama da matsalar, har da Batsari da Safana. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, su ma suna ciki, kuma sai a ƙarshen shekarar aka maido. Ga mai aikin gini, hakan na nufin babu man injin kwaɓa kankare ko na janareton walda, babu kiran mai kawo kaya, babu tura wa leburori kuɗi ta waya.

Rashin tsaro ya kuma ƙirƙiro sababbin ayyuka. Tun bayan sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, katange makarantu ya zama abin da iyaye ke fara tambaya. Makarantar da filinta ke da mita 200 kowane ɓangare tana da kewayen mita 800. Katanga mai tsayin mita 2.4 za ta ci bulo 19,200, ban da harsashi da ginshiƙai. Bambancin naira 50 kacal a kan kowane bulo ya zama naira 960,000.

Sai damina. Daga Yuni zuwa Satumba wasu hanyoyin ƙauyuka kan yanke, rafuka su cika, yashin da ake ɗiba a cikinsu ya yi wuyar samu. Iskar farkon damina kuma ta saba yaye rufin azuzuwa, musamman inda aka yi ƙwauron katako da ƙarfen ɗaure rufi.

Ƙiyasin da aka zauna a ofis aka yi wa azuzuwan cikin birnin Katsina da na ƙauyen Safana farashi ɗaya, an riga an shirya wa ɗayan matsala. Akasin haka ma yana faruwa: tunda kowa ya san yankin na da haɗari, ana iya fakewa da sunan tsaro a cusa kuɗin da ba su da tushe, da sanin cewa ba kowane jami'i ne zai yarda ya je dubawa ba. Raba haɗarin gaske da na ƙarya sai wanda ya taka wurin ya tambayi direbobi da masu buga bulo da bakinsa.

Inda kuɗin jama'a ke zurarewa

Kuɗin gine-ginen gwamnati a irin waɗannan yankuna ta hanyoyi da dama suke zuwa. Akwai na hukumar ilimin bai-ɗaya, UBEC, wadda dokar 2004 ta ware wa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jihohi kuma su kawo nasu kason kafin su karɓa. Akwai ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, inda Batsari da Safana da Ɗanmusa ke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai. Akwai shirin AGILE na ilimin 'yan mata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 kan dala miliyan 500, wanda Katsina na cikin jihohi bakwai na farko, kuma yana ba kwamitocin kula da makarantu kuɗin gyare-gyare. Ga na jiha, ga na ƙananan hukumomi.

Matsalar watsi da ayyuka tsohuwa ce a ƙasar. A 2011 kwamitin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya gano ayyukan tarayya 11,886 da ba a kammala ba, waɗanda jimillar kuɗinsu ta kai naira tiriliyan 7.78. A Nuwambar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ce an ware kusan naira tiriliyan ɗaya wa ayyukan mazaɓu cikin shekara 10 ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba. A shekarar ce hukumar ICPC ta fara bin sawun irin waɗannan ayyuka, kuma cikin waɗanda ta ɗauka su raka jami'anta akwai 'ya'yan cibiyar NIQS. Dalilin a fili yake: ɗan sanda zai ga gini a tsaye, amma mai ƙiyasi ne zai faɗi ko abin da ke tsaye ya kai kuɗin da aka biya.

Ga yadda ake cin kuɗi ba tare da ido ya gani ba. A ɗauki aji mai mita 7 da mita 8. Idan takarda ta ce a zuba daɓen kankare mai kaurin inci 6, da kwaɓin kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, aikin zai ci kusan buhu 50. Idan aka rage kaurin zuwa inci 4, buhu 34 ya isa. Idan aka ƙara yashi da tsakuwa a kwaɓin, ana iya gamawa da buhu 25. Ranar buɗe makaranta duka ukun kamanninsu ɗaya. Bayan shekara biyu ne yara za su fara zama a kan ramuka.

Haka ake yi da bulo, a buga fiye da kima daga buhu ɗaya har ya zama ana iya murƙushe shi da hannu. Haka ake yi da rodi, a sa siriri a inda aka rubuta mai kauri, da kwano, a kawo mai laushi a farashin mai ƙarfi.

Mai ƙiyasi shi ne aka ɗora wa tsayawa a wannan ƙofa, kuma shi ya sa idan ya lalace ɓarnar ke da yawa. Sa hannunsa ke mayar da aikin da aka yi rabi ya zama an kammala a takarda. Yana fuskantar matsin lamba daga ɗan kwangila mai gata, da shugaban da ke son a biya kafin ƙarshen shekara. A yankin da zuwa wurin aiki ke da haɗari, akwai kuma jarabar amincewa da hotunan da aka turo ta WhatsApp a maimakon awo. Hoto ba ya nuna kaurin daɓe.

Mai ɗaki biyu fa?

Yawancin gine-ginen Batsari da Safana ba na gwamnati ba ne. Na manomi ne da ya sayar da amfanin gona, da ɗan ci-rani da ke turo kuɗi daga Legas ko Fatakwal, da matar da aka kashe wa miji tana son rufa wa marayu asiri, da jama'ar unguwa da ke karo-karon masallaci ko Islamiyya. Waɗannan ba su da kuɗin ɗaukar ƙwararre. Magini ne mai ƙiyasinsu.

Gogaggen magini yakan yi kusa da daidai a kan bulo da siminti. Inda aka fi samun giɓi shi ne abubuwan da ke zuwa daga baya: katakon rufi, ƙusa, ƙofofi, filasta, masai, ruwa, dako. Wani maginin kuma da gangan yake rage lissafi don kada mai aiki ya tsorata ya fasa, da tunanin in an fara dole a ƙarasa. Abin da ke biyo baya sananne ne a kowane gari: gini ya kai linta ya tsaya, damina biyu ta dake shi, sannan a dawo ana rigima wa ya ci kuɗin wa, wani lokaci har gaban mai unguwa ko alƙali.

Dabarun ƙwararru suna da amfani ko a ƙaramin aiki. A rubuta komai a takarda kafin a haƙa rami, daga harsashi har fenti. A raba kuɗin kaya da ladan aiki. A tambayi farashi a wuri uku, tare da kuɗin kawowa har ƙofar gida. A biya lada gaɓa-gaɓa bayan an ga aiki. A ajiye aƙalla kashi 10 cikin 100 a gefe. In kuɗin ba za su kai ɗaki huɗu ba, gara a gama biyu a shiga da a tayar da huɗu babu rufi. Siminti kuma ba hatsi ba ne, in ya daɗe a ajiye ko ya sha danshi yana daskarewa, don haka mai tara kaya sannu a hankali gara ya fara da kwano da rodi, ko ya mayar da simintin bulo.

Lissafi na gaskiya yakan kuma nuna cewa ba dole sai siminti ba. Ginin ƙasa mai harsashin dutse ko na bulo, da rufin da ya fito ya kare bango daga ruwa, ya fi sauƙin kuɗi kuma ya fi sanyi a bazara. Ga iyalin da suka dawo daga gudun hijira hannu babu komai, wannan bambanci shi ke raba kwana a ɗaki da kwana a makarantar firamare.

Ɗaliban da suka karanta fannin a kwalejojin Katsina da Kaduna suna nan a garuruwan yankin, wasunsu babu aikin yi. Kwamitin masallaci ko na makaranta da ya biya ɗayansu ɗan abin da ya sawwaƙa ya fitar masa da lissafi a rubuce, ya sayi abin da zai nuna wa masu ba da gudummawa idan tambaya ta taso.

Tambayoyin da jama'a ke da haƙƙin yi

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye. Duk lokacin da hakan ya tabbata a aikace, ƙarin kwangilolin kwalbatoci da azuzuwa da ɗakunan shan magani za su riƙa fitowa daga sakatariyar Batsari da ta Safana, kuma sassan ayyukansu za su buƙaci masu ƙiyasi masu rajista da za su iya cewa a'a.

Kafin nan, mazauna gari ba sai sun yi karatun fannin ba kafin su sa ido. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun ayyukan gwamnati a rubuce. Kwamitin makaranta ko ƙungiyar ci gaban gari na iya tambayar nawa aka bayar da aikin, wa aka ba, yaushe zai ƙare, kuma me takardar BOQ ta ce game da kaurin daɓe da girman rodi da yawan tagogi.

Lokacin yin tambayar shi ne ranar da ake zuba kankare da ranar da ake ɗora katakon rufi, domin da zarar an yi filasta an shafa fenti, sai an fasa kafin a ga abin da ke ciki. Tef ɗin awo ana samun sa a kowane shagon kayan gini, kuma ƙirga buhunan simintin da aka zazzage a wurin aiki abu ne da ko ɗan firamare zai iya.